Inna Adawiyya da Jirgin Malesiya

Duk wanda ya zauna a unguwar Limawa ta Dutse a shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, in ya ce bai san Inna Adawiyya mai waina ba, to ba ya karya kumallo ne. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki, kuma Allah ya jarabce ta da son shara. Ba tsafta kawai nake nufi ba, a'a, shara. Tana idar da sallar asuba za ka ji tsintsiya tana kuka a tsakar gidanta. Kafin ta ɗora tanda ta sake bi, da la'asar ta yayyafa ruwa ta kuma bi. Kaza in ta yi kashi a gidan nan, kafin ta waiwayo an kwashe. Matan unguwa kan ce ko wainarta ta faɗi ƙasa ɗauka za su yi su ci, ba sai sun hure ba.

Amma akwai ranakun da za ka shiga ka tarar da tsintsiyar a jingine bayan randa, ganyen darbejiya ya rufe ƙasa, ita kuma tana tsallake shi tana cije baki. In ka ga haka ba sai ka tambaya ba, wani nata ne ya yi tafiya. Al'ada ce da ta gada wurin kakarta ta Kiyawa: in matafiyi ya fita daga gida, ba a share sawunsa sai ya isa inda za shi lafiya. Tsohuwar ta ce wanda ya share, hanyar ya janye masa daga ƙarƙashin ƙafa. Inna Adawiyya ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu, sai kuma Allah ya haɗa ta da mijin da ba ya zama.

Malam Muntaka direban babbar mota ne. Gero da wake da dabino yake lodi a kasuwar Shuwarin ya nufi kudu da su. A lokacin babu wayar da zai bugo ya ce ya sauka, don haka dole matarsa ta koyi hanya a ka. Ita da ba ta taɓa wuce Kano ba, ta san Kaduna wuni ce, Legas kuwa sai an kwana biyu, in damina ce a ƙara wani abu saboda ramuka. In ya dawo, kafin ya gama shan ruwa ta tsare shi da tambaya: yaushe ka isa, a ina ka tsaya, me ya tsayar da kai? Baƙo zai ɗauka tuhumarsa take yi, alhali ita so take ta san ko ta yi gaggawar ɗaukar tsintsiya. Shi kuwa dariya yake yi ya ba ta amsa dalla-dalla. Har ya ajiye tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma a kan gadonsa ya rasu, zazzaɓi ne ajalinsa. To wa ya isa ya ce mata al'adarta ba ta da amfani? In ka matsa mata sai ta ce, "Allah ne mai tsarewa, na sani. Ni dai ban share ba."

Sanin da ta yi wa jirgin sama kuwa, daga aikin hajjin maigidan ta samo shi. Mai motar da yake tuƙawa ne ya biya masa kujera. Aka yi masa rakiya har tasha, ta dawo ta jingine tsintsiya, ta kasa kunne a rediyo. Ashe sun je Kano jirgin da zai kwashe su bai iso ba, suka shimfiɗa tabarmi suna ta zaman jira, yau gobe, yau gobe. Ita ba wanda ya gaya mata wannan. Sai da mako ya zagayo ta ji an ce maniyyatan Dutse sun sauka Jidda, ta yi hamdala ta share gidanta. Da Alhaji Muntaka ya dawo da haƙorin Makka yana sheƙi, ya yi mata bayani cewa awa biyar kacal suka yi a sama, sauran duk zaman Kano ne.

Ta ce, "Alhaji, daga ƙofar gidan nan zuwa Jidda, kwana nawa ka yi?"

Ya ce, "Mako guda."

Ta ce, "To magana ta ƙare."

Tun daga ranar ta rubuta a zuciyarta cewa Makka a jirgi mako guda ce, kuma babu mai goge mata wannan.

A shekarar da Dutse ta zama babban birni ne ma'aikata suka cika garin fal, ga aiki ba wurin kwana. Alhaji Muntaka ya yanke gefen gidansa da gajeriyar katanga ya ba wani mutumin Jos haya. Sunansa Chollom, ma'aikacin safiyo ne mai auna filaye, matarsa Justina nas ce, suna da 'ya ɗaya, Jemimah. Da farko gaisuwa ce kawai ta saman katanga, kowa yana nazarin kowa. Da Kirsimeti ta zo suka tafi Jos. Bayan sun dawo wata maƙwabciya ta tsegunta wa Justina cewa ranar da suka tafi Inna Adawiyya ba ta taɓa tsintsiya ba sai bayan magariba, tana ta cewa hanyar Jos da kwana-kwana, a bar su su isa tukuna. Justina ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma aka ga tana goge ido. Daga nan ta koma kiranta Inna, ita kuma ta zama Maman Jemimah. Ko da aka ƙaddamar da shari'a wasu baƙi suka fara ɗaure kaya, Justina ta shigo da fuskar damuwa, Inna ba ta bar ta ta gama magana ba. Ta ce, "In kin tafi wa zai riƙa auna min jini? Zauna, ga waina."

Shari'ar ba ta kori Justina ba, amma ta kawo wa Inna rigima har cikin ɗaki. Ɗanta na fari, Abdulrauf, wanda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan" ko da ya tara gemu, shi ne ya dawo daga makaranta da kasa-kasan wa'azi da ɗangalallen wando. Yaro ne mai ladabi, mai kai, amma ya sa tsintsiyar nan a gaba.

"Inna, wannan fa camfi ne. Tsintsiya ba ta kai mutum, ba ta hana shi zuwa."

"Na ce maka tana kaiwa?"

"To me ya hana ki share?"

"Hannuna ne ko naka?"

Wata rana ƙanwarsa ta koma gidan mijinta a Ringim, ya faki idon Inna ya ɗauki tsintsiya da kansa don ya nuna mata ba abin da zai faru. Bai kai ga shara uku ba ta fito da muciya. Ustaz guda da gemunsa, sai ga shi ya bar takalmi ɗaya ya tsallaka katangar Chollom. Unguwa ta yi wata guda tana dariyar wannan.

Ana nan sai yaron nan ya sami gurbin karatun injiniya a Malesiya, shekara huɗu. Gida ya cika da 'yan murna. Inna tana amsa barka tana juya waina, amma abu ɗaya ne ke yi mata yawo a ka. Da mutane suka ragu ta yafa gyale ta zagaya wurin Chollom.

"Baban Jemimah, wannan Malesiyar, gaba take da Legas ko baya?"

Chollom mutum ne mai son a tambaye shi. Nan da nan ya shiga ɗaki ya fito da ƙwallon taswirar duniya da ya saya wa Jemimah, ya karɓi zare wurin matarsa. Ya ɗora bakin zaren a Kano ya ja zuwa Jidda, ya ƙulla. Ya ce, "Inna, kin ga Makka ke nan." Sannan ya ci gaba da ja, ƙwallon yana juyawa, zaren yana tafiya, ya bi ta kan wani shuɗi mai faɗi, har ya tsaya a wani ɗan siririn wuri. Ya ninka zaren ya gwada da na farko. Ya ce, "Kusan Makka sau uku."

Inna ta dafa ƙirji. "Mako uku ke nan."

"Haba Inna! Wane irin mako uku? Awa biyar zuwa Jidda, ya ɗan jira ya canja jirgi, sannan kamar awa tara. In ya tashi yau, gobe war haka yana can yana shan shayi."

"Direban jirgin ba zai ci abinci ba? Ba zai yi salla ba? Man fa, a sama ake sayar musu?"

Chollom ya yi bayani, ya zana a ƙasa, ya kawo gudun jirgi ya gwada da gudun motar marigayi Alhaji, har gumi ya karyo masa. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Baban Jemimah, kai ka taɓa shiga jirgin?"

Ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa ba.

"To ni maigidana ya shiga." Ta miƙe za ta tafi, sai ta sake duban ƙwallon, ta ɗora yatsa a kan shuɗin nan. "Wannan kuma mene ne?"

"Teku ne, Inna. Ruwa."

"Duk wannan?"

"Duk."

Ta gyara gyalenta ta fita. Da Chollom ya san abin da wannan amsa za ta jawo, da ya ce mata gonar shinkafa ce.

Ranar tafiya ta tashi ta share tsakar gida fes, ta yayyafa ruwa fiye da kullum, don ƙasa ta yi laushi sawu ya fito sosai. Abdulrauf ya fito da jakarsa ya durƙusa a gabanta. Ita kuwa idonta a kan tanda, kamar wainar ce za ta yi tafiyar. Ta tura masa ƙullin yaji da dambun nama da ƙafa, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da abin da aka je nema. Ya ce amin. Sannan ya ce, "Inna, don Allah in na tafi ki share gidanki."

Ta ce, "Tashi, mota ba ta jiran mai wa'azi."

Ya taka daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure, sawun takalminsa ya fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana ɓacewa ta jingine tsintsiya bayan randa. Sai a lokacin ta bar hawayen suka zubo, tana cewa hayaƙi ne, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

Kwana biyu da tafiyar sai ga Chollom ya dawo daga ofis tun kafin a tashi, yana washe baki. Abdulrauf ya bugo wayar ofishinsu, ya sauka lafiya, yana gaida Inna.

"Daga ina ya bugo?"

"Daga Malesiya mana."

"Ka gan shi a can?"

"Inna, waya ce, ba a gani."

Ta gyaɗa kai irin na wadda ta gano bakin zaren. "Na san shi, kai ma na san ka. So yake in share, shi ne kuka haɗa baki. Yana Kano a kan tabarma yana jiran jirgi, in ya yi nisa ƙwarai ya kai Jidda. Mako uku na ce."

Chollom ya rantse, Justina ta sa baki, Inna ta kafe kai da fata.

Wayyo, gidan nan ya ga ta kansa. Bazara ce, darbejiya tana zubar da ganye ba dare ba rana. Awaki suka gane an yi sabuwar gwamnati, kaji suka shiga holewa. Inna ta kwashe faya-fayanta da kwanduna da wani tsohon daro ta kife a kan sawun, tun daga ƙofar ɗaki har zaure, ta kafa dokar kowa ya bi ta jikin bango. Tandar ma ta fitar da ita ƙofar gida. Masu sayen waina su leƙa ciki su ce, "Inna, bola kika buɗe ne?" Ta ce, "Ta nawa za a ba ka, ko surutu ka zo saya?"

Hannunta kuwa ƙaiƙayi yake yi. Mace da ta saba shara sau uku a wuni, ina za ta kai wannan ƙarfi? Sai ta ari tsintsiyar Justina, don tata ta rantse ba za ta taɓa ba, ta share wa Justina sashenta tas. Ta fita ta share ƙofar gida, ta share gaban masallaci, ta shiga zauren maƙwabta ba a gayyace ta ba. Layin Limawa bai taɓa yin kyau irin na wannan lokaci ba, gida ɗaya ne kawai ya lalace, shi ne nata.

Ranar Asabar ɗin tsaftar gari Malam Lado duba-gari ya zo zagaye. Shekara da shekaru da gidan Inna yake ba matan unguwa misali, in ya ga ƙazanta ya ce a je a ga na Adawiyya a koyo. Ya yi sallama ya shiga da fara'arsa, sai ya tsaya cak, baki buɗe.

"Inna, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Tafiya aka yi. Bi ta bango, kar ka taka min daro."

Da ya ji bayani ya cire hula ya sosa kai. Ya ce tsohuwarsa ma haka take yi, amma ita wuni guda ne. Inna ta ce ai tsohuwarsa ba ta da ɗa a saman teku. Malam Lado ya karɓi waina mai zafi a takarda, ya ce shi yau idonsa na ciwo, bai ga komai ba.

Mutane suna ta dariya, ita ma tana mayar musu da magana, amma a cikinta ba dariya. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Shuɗin nan da ta gani a ƙwallon Chollom ya ƙi barin idonta. Ko tuwo ta sa a gaba sai ta ga yaron nan a rataye tsakanin sama da ruwa, ba tasha, ba bishiya, ba inda za a tsaya in wani abu ya lalace. Alhaji ko motarsa ta mutu a daji, ƙasa ce a ƙarƙashinsa, zai sauko ya taka. Wannan fa? Ba ta da abin da za ta iya yi masa daga Limawa in ban da addu'a da barin sawun nan yadda yake, don haka ta riƙe su biyun da ƙarfinta. Abinci ya daina shiga, ɗaurin zaninta ya fara zagayowa.

Justina ce ta ga abin ya wuce wasa. Ta zo da abin awon jini ta naɗa mata a hannu, ta matsa, ta duba, ta ɓata rai.

"Inna, kin ga inda jininki ya hau? So kike yaron ya gama karatu ya dawo ya tarar ba ki?"

"Saura kaɗan ai."

"Ba saura kaɗan. Ran Litinin zai sake bugowa bayan azahar, Baban Jemimah ya shirya da shi. Ƙafarki ƙafata, ki ji da kunnenki."

Inna ta ce ita ba ta magana da ƙarfe. Justina ta ce to ita ma daga yau ta daina cin waina. Aka yi ta ja, a ƙarshe Inna ta ce za ta je, amma don ta kama su da ƙarya ne.

Ran Litinin ta ci ado kamar mai zuwa suna, suka hau bas zuwa sakatariya. Aka ba ta kujera a ofishin Chollom, ta zauna tana harare-hararen wayar, tana kuma duban ƙasan ofishin, don a ganinta mai sharar wurin bai san aikinsa ba. Wayar ta yi ƙara, Chollom ya ɗauka ya gaisa, ya miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu ta ɗaga murya yadda har ofishin gaba sai da aka leƙo, don a lissafinta mai nisa sai da ihu.

"Yaron nan! Kana ina?"

"Inna, ina wuni? Ina Malesiya. Tun washegarin da na tafi na iso."

Muryarsa ce, ba shakka, kuma kusa take kamar yana bayan ƙofa. Wannan ma ya ƙara mata zargi.

"Ka yi azahar?"

"Inna, nan ai har mun yi isha."

Ta juya ta dubi taga, rana tana ƙwallewa a kan duwatsu. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce wa Justina, "Kin ji ko? Ko ƙaryar ma bai iya ba." Chollom ya matso yana raɗa mata cewa su can gabas suke, rana tana riga fito musu, tana riga faɗuwa. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"To me ka ci yau?"

Nan ne magana ta canja. Ya ce shinkafa. Jiya ma shinkafa, da safe shinkafa, da rana shinkafa, miyarsu kuma zaƙi gare ta, har kwakwa suke sa wa. Ya ce yajin da ta ba shi ya kusa ƙarewa, da ɗan yatsa yake taɓawa. Ya ce an ba shi ɗaki a bene hawa na huɗu, ya jera kayansa, amma in ya buɗe taga ba dutse ko ɗaya, ba dabino, sai ruwan sama kullum kamar an huda sama. Mutanen ƙasar na kirki ne, suna salla, suna murmushi, amma tun da ya zo ba wanda ya ce masa sannu. Yana cikin faɗin haka muryar ta fara rawa, ya tsaya ya yi gyaran murya, ya ce mura ce.

Inna ta daina ihu. Ta yi shekaru tana sauraron matafiya, ta san maganar wanda yake kan hanya: ta mota ce, da ta direba, da ta abin da ya rage a gaba. Wannan kuwa ya sauke jaka, ya zauna, ya waiwayo gida. Ba Chollom ba, ba zare ba, wannan ne ya gamsar da ita. Yaron nan ya isa. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa, ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta sake cewa.

Sai yaron ya ce, "Inna, kin share?"

"Ban share ba."

Ta gyara zama tana jiran wa'azi. Amma ba wa'azin ne ya zo ba.

"To Inna, ki bar shi haka mana." Ya ja numfashi. "Ni fa ina ganin ba zan iya ba. Wallahi ba na barci, karatun ma ba ya shiga. Kuma kin ga ba nisa, awa goma sha huɗu ne kawai a sama. In na shiga jirgi yau, gobe ina gida."

Ikon Allah! Ustaz mai ɗangalallen wando, wanda ya tsallaka katanga saboda tsintsiya, shi ne yau yake roƙon a bar masa sawunsa. Zuciyar Inna ta karye, don ba abin da take so a duniya irin ta ce masa taho. Kalmar har ta zo bakinta. Ta dubi Justina, ta ga ita ma idonta ya kawo ruwa. Sai ta haɗiye, ta ɗaure fuska kamar yana ganinta.

"Wa ya ce maka awa goma sha huɗu ne?"

"Inna, ai ni na shiga jirgin."

"Zuwa ka shiga. Dawowa shekara huɗu ce. Ni za ka koya wa lissafin hanya? Tun ba a haife ka ba nake yin sa." Ta share ido da bakin gyale, murya kuwa ko gezau. "Ka buɗe kunne ka ji. Yanzu in na koma zan share, don ka isa. Wanda ya isa zama yake yi. Ka ci shinkafarsu, ka ce musu sannu in su ba su ce maka ba, ka yi abin da ya kai ka. Yaji kuma zan daka, Baban Jemimah ya san yadda za a yi ya same ka."

Can ƙasa-ƙasa ya ce, "To, Inna."

"Ban ji ba."

"Na ce to, Inna."

"Allah ya yi maka albarka."

Ta miƙa wa Chollom wayar da sauri, don ta san in ta ƙara minti guda za ta warware duk abin da ta faɗa.

Suka hau bas suka juyo. Suna isa gida Justina ta ce bari ta kawo tata tsintsiyar su yi tare, aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Inna ta ce a'a, wannan nata ne. Ta cire gyale ta ɗaure ƙugu, ta kwashe faya-fayan da kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga daron. Sawun yana nan yadda ya bar shi, har zanen ƙasan takalmin ana gani. Ta tsaya a kansa ta daɗe. Sannan ta ɗauko tsintsiyarta bayan randa, ta buga gindinta a tafin hannu, ta yi bisimilla, ta fara daga ƙofar ɗaki. Tana shara tana kuka, tana yi wa kaji masifa su ba ta wuri, har ta kai zaure.